Tudun Ƙarshe Kafin Gude

Hambali ne ya fara isowa gindin tudun ƙarshe a tseren gudun Kutama zuwa Gude. Ikilima, malamar asibitin da ke raba wa 'yan tsere ruwa, ta ga leɓɓansa sun yi fari. Haka na yayansa suka yi bara, ranar da ya yanke jiki a filin ƙwallo bai tashi ba.

Ta miƙa masa kofi. "Don Allah ka zauna."

"Babur za a ba na ɗaya," ya ce yana haki, dafe da ƙirji. "Tunda aka sallame ni daga masaƙa, da wane ido zan kalli Babanki?"

"Turo magabatanka ko a ƙafa. Na amince."

Ta ɗaga hannu za ta riƙo rigarsa, ta ga idon 'yan Hisba a kanta, ta mayar da shi cikin hijabi.

Takun ƙafafu ya taso daga baya. Hambali ya yi mata murmushi, ya ajiye kofin bai sha ba, ya kama hawa.

Bai daɗe da ɓacewa ba, kiɗan da ake yi a saman tudun ya tsaya cak.