Awarwaron Matar Marigayi

Kantilal tela ne ya tayar da fitinar, mutumin da hassada ta hana ƙiba. Ya je ofishin rajistar gidaje don biyan harajinsa. Maimakon ya biya ya kama gabansa, sai ya roƙi a buɗe masa shafin maƙwabta. Nan ya ga gida mai lamba arba'in da ɗaya ya shekara shida bai biya ko rupi ɗaya ba. A gefen shafin an rubuta da jan biro: an yafe, gidan mace ne, mijinta ya rasu.

Wannan kowa a unguwar masunta ya sani. Mijin, Damji, ya yi shekara ashirin yana aiki a jiragen ruwa, sai ya shekara biyu bai leƙo gida ba, har ranar da jirginsu ya nutse a hanyar Maskat. Abin da Kantilal ya rubuta wa hukuma daban ne. Ya ce matar Damji, Santok, ba ta fasa awarwaronta na gilashi ba, kamar yadda duk wadda mijinta ya mutu ke yi. Kuma akwai namiji a gidan. Ke nan ta yi sabon aure a ɓoye. A ci ta tara, ta biya na baya duka.

In aka yi haka, sai an sayar da gidan.

Namijin shi ne wanda unguwa ke kira Narsi, ƙanin marigayi. Ya iso wata biyar bayan makoki, fuska a aske tas, ya zauna kula da gida. Mutum ne mai tsabta, mai tafiya kamar titin gadonsa ne. Irin wannan mutum za a yi wa ƙazafi? Shi da bai taɓa cutar kowa ba sai wanda ya nema?

Ranar Talata jami'in haraji Trivedi ya iso da fayil a hammata. Kantilal na biye da shi, da awon ɗinki a wuya.

Narsi ya tare su a bakin ƙofa. "Shigo, Sahab. Kai kuma tsaya nan. Mutumin da bai iya daidaita ƙafar wando ba, shi zai auna mutuncin mata?"

A falo hoton marigayi na rataye, da gashin baki kamar ƙahon bauna. An zagaye shi da sarƙar furanni irin wadda ake sa wa hoton mamaci kaɗai. Furannin sababbi ne, har da raɓa. Santok ta kawo shayi, awarwaro na kacau-kacau, ba ta ko kalli bangon ba.

"Santok-ben, 'yar'uwa, me ya sa ba ki fasa waɗannan ba?" in ji Trivedi.

"Ka kawo mini gawarsa, Sahab, in fasa su a gabanka. Takarda ce ta ce ya mutu, ni ban gani ba."

Trivedi ya yi tari. Ya nuna Narsi da biro. "Wannan fa, yaya sunansa?"

Ta ja gyale ta rufe rabin fuska. "Yana da baki, ka tambaye shi."

Jami'in ya buɗe fayil ya fara karanta siffar marigayi. "Damji, matuƙin jirgi. Gajere, mai tumbi, haƙori ɗaya a karye..."

"Gajere?" Narsi ya dire kofi har shayi ya fantsama. "Wane makahon ne ya rubuta wannan? Mutumin da in ya sauka a tashar jirgi mata ke mance cefanensu? Tumbin kuma faɗin ƙirji ne ya sauko! A gyara, Sahab, yau ɗin nan!"

"Ka zauna mana," in ji Santok, ƙasa-ƙasa.

Trivedi ya dubi hoton, ya dubi Narsi, ya sake duban hoton. Narsi ya rufe bakinsa gam.

"Kun yi kama. Sai dai kai ka girme shi."

"Ni ne ƙani! Baƙin ciki ne ya tsufar da ni."

Daga bakin ƙofa Kantilal ya ɗaga murya. "Sahab, sai ta jira ya ci kafin ta ci! Wace mace ke yi wa ƙanin miji haka? A sa shi ya rantse!"

Masunta ba sa wasa da rantsuwa, don gobe teku za su koma. Narsi ya miƙe, ya ɗebi ruwan teku daga tulun tagulla da ke gaban gunkin gidan, ya riƙe a tafinsa.

"Teku ta haɗiye ni in na taɓa auren matar ɗan'uwana. Teku ta haɗiye ni in matar gidan nan ta san wani namiji ban da Damji."

Kantilal ya ja da baya. Trivedi ma sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya rubuta cewa ƙara ba ta da tushe, ya buga hatimi, ya ce irin wannan amana ta yi ƙaranci a duniya. Narsi ya raka shi har titi, yana tuna masa maganar gajartar nan.

Ko da ya dawo, Santok ta riga ta hau kujera tana fizge furannin daga hoton, tana tofe-tofen neman tsari.

"Saura kaɗan ka kashe mu da son a yabe ka."

"Ke ba ki ji abin da suka rubuta ba? Gajere!"

Ya tsaya gaban madubi, ya shafa inda gashin baki yake a da, ya taɓa karyayyen haƙorinsa da harshe. Teku ta yi iya ƙoƙarinta ta kasa, gwamnati kuwa ta yarda ta yafe wa gawarsa haraji, amma Damji bai ga dalilin da zai sa a rage wa mamaci tsawo ba.