Ranar da na ƙi zama kusa da Baba

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ina aji ɗaya a sakandare, na iske Baba bayan gidan da yake aikin kuku a unguwar manya ta GRA. Yana kan tabarma da Littafi Mai Tsarki, hannunsa na warin albasa.

Na ce, "Baba, malaminmu ya ce duniya ta yi shekaru biliyoyi. Kwana shidan nan naku na halittar duniya tatsuniya ce."

Ya matsa gefe, ya ce, "To ɗan boko, sai a kwana na huɗu aka halicci rana. Ukun farko da wane agogo aka auna su? Zauna mu duba tare, ni ma ban sani ba."

Na yi dariya, na tafi ƙwallo. Allah ya gafarta mini. Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba, ni kuwa girman kai ya hana ni komawa in ce, "Baba, ga ni."