Abin da Likita Bai Taɓa Gani Ba

Shekara tara ina yi wa matata alkawarin gyara bututun da ke yoyo a bangon ɗakinmu, ban gyara ba. Danshi ya haifi funfuna, funfuna ta zana baƙin tabo mai kama da kan akuya mai karyayyen ƙaho, har muka saba da shi kamar ɗan gida.

Bayan an yi mata dashen ƙoda, garkuwar jikinta ta yi rauni, tari ya kama ta. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske, ya kira abokan aikinsa shida, suka yi cirko-cirko.

"Mama, funfuna ce ta yi gida a huhunki," in ji shi. "Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin mai wannan siffa ba."

Ta gyara tabarau, ta leƙa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Baban yara, zo ka gaida akuyarka. Har da karyayyen ƙahon."

A ranar aka ba ta gado. Na koma gida, na ari sifana wajen maƙwabci, na ɗaure bututun. Minti huɗu aikin ya ɗauke ni.