Miyar da Aka Ɓata da Gangan

Injiniya, ka ce manhajar da kuka yi wa asibiti ta ba ni sakamakon jinin wani ne saboda ba ku ƙarasa gwaji ba. Wai kuna dasa mata kuskure da gangan don ku ga ko bincikenku zai kama shi, amma bin kurakuran ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta guda yana cin lokaci, sai kuka bari. Ni na sha maganin da ba nawa ba, saboda haka zauna ka ji.

Wata mai tuwo ce mura ta kashe mata harshe ana gobe za ta ciyar da taron suna. Ƙanwar mijinta ta ce za ta riƙa ɗanɗana mata. Mai tuwo ba ta yarda da harshen da ba ta gwada ba, sai ta shirya miya a ƙananan tukwane, kowace da aibinta guda: wannan gishiri ya zarce, wannan kanwa, wannan ruɓaɓɓen nama, waccan za a bar ta ta kama. Amma murhunta ɗaya ne, rana kuma tana tafiya. Ƙanwar miji ta ce, "Yaya, juye su a tukunya ɗaya mana mu huta." Mai tuwo ta ce, "In gishiri ya danne sauran, kika yamutsa fuska, ta ina zan san me kika ji?"

Sai ta raba tukwanen a gidajen maƙwabta, kowace mace ta ɗora ɗaya a murhunta. Kafin la'asar duk sun dawo. Ƙanwar miji ta kama gishiri, ta kama kanwa, ta kama ƙauri. Da ta zo kan ruɓaɓɓen naman, sai ta suɗe ludayi ta nemi ƙari. Nan mai tuwo ta gane inda harshen ya gaza, ta kira matar mahauci ta tsaya mata a kan nama. Aka yi suna aka watse, cikin kowa lafiya.

Na ƙirga da idona, kwamfutocin ofishinku sun fi murahun unguwarmu yawa. Ku raba musu aikin, ku gyara, ku ba ni sakamakona, sannan ka zo gaban likita ka faɗi laifin wa ne. Hausawa sun riga ku sani: hannu da yawa maganin ƙazamar miya.