Ƙwayoyin da Suka Ƙi Jin Yunwa

Dakta ta sake leƙa na'urar ganin ƙananan halittu, ta ja tsaki. Ƙwayoyin bakteriyar na nan garau, suna silalewa ayari-ayari a kan faranti, kowace na bin sawun yauƙin da 'yar'uwarta ta bari.

Mafarauta ne. Tare suke yi wa wasu ƙwayoyin ƙawanya, su narkar da su, su shanye. In kuwa yunwa ta yi tsanani, sai su taru su yi tsibi, akasarinsu su mutu don 'yan kaɗan su rayu. Hoton wannan tsibin take nema, shi ya sa ta hana su abinci. Amma ja'iran sun ƙi taruwa, sai ma yawa suke ƙarawa.

Aikinta kuwa a kan hoton nan ya rataya. Manajan cibiyar binciken, wanda ake kira Almakashi saboda iya rage ma'aikata, mutum ne da ke riga kowa zuwa don ya kama masu makara. Ranar da ta yi masa bayani, tambaya ɗaya ya yi, fuska a murtuke: "Da gangan kike hana su?" Sannan ya ba ta wa'adi, ya ce in ba sakamako, ba aiki.

Ta canza faranti, ta canza kwalba, duk a banza. Ƙarshe ta tare abokin aikinta, Mai Gilashi, wanda suke ɗakin gwaji ɗaya.

"Wani na ciyar da su a bayan idona. Kai ne, ko? Kujerata kake so."

"Ni? Haba Dakta, ki ji tsoron Allah!"

Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Wa'adi ya cika, ba tsibi ba dalilinsa. Almakashi ya kira ta, ko kujera bai nuna mata ba.

"Ranka ya daɗe, yara uku gare ni," ta ce.

"Nan ba gidan ciyarwa ba ne."

Ta kwashe kayanta tana kuka, ta fita.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya iso, Almakashi ya buɗe ɗakin gwajin da makullinsa, ya ɗauko kwalbar abincin kamar kullum, ya ɗiɗɗiga a kowane faranti, ido ya cicciko da hawaye.

"Ku ci, bayin Allah," ya ce. "Marar imanin nan ta tafi."