Ƙayar Kifi a Lith

Ina shekara takwas Baba ya ɗauke ni daga Jarwal, unguwarmu a Makka, zuwa Lith, wani gari a bakin teku, don mu ci kifi. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Tun da ya zo Makka aikin Hajji bai koma gida ba.

Mai gidan abincin ya shimfiɗa mana leda a ƙasa, ya ajiye soyayyen kifi a kan jar shinkafa. Mun fara ci ke nan sai 'yan sanda biyu suka zauna kusa da mu.

"Uwata, kada ki yi magana," Baba ya ce a hankali. "Ci kawai."

Na haɗiye da sauri, ƙaya ta maƙale mini a maƙogwaro. Na danne tari har hawaye suka zubo.

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya juyo, ya ce da Larabci, "Ya Hajji, duba 'yarka!" Ya dunƙula shinkafa ya miƙo mini, ya ce in haɗiye ba tauna. Ƙayar ta wuce.

Baba ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Daga nan sai cire mini ƙaya daga kifin yake yi, har suka tashi. Ko loma bai ƙara ba.

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa tambayarsa ko da yunwa ya koma gida ran nan ba.