Fitilun Kan Murjani

Sati uku ke nan fitilun suna kashe, murjanin har ya fara yin fari.

Mujitaba ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, ya kasa shiga. Tankin gilashin na nan a jikin bango, tsawonsa kamar gadon mutum ɗaya. Famfon ruwa kaɗai aka bari yana gurnani. Wasu kifaye biyu masu ruwan lemo suna kewaya duwatsu a cikin duhu, kamar masu neman wani.

Tankin na Abdulmalik ne, abokinsa tun firamare. Shekara shida ya yi a Jidda yana aiki a shagon kifin ado, ya dawo Tiga da buhunan gishirin teku da wani zance da ya ba kowa dariya: wai murjani ba dutse ba ne, rai gare shi, kuma haske yake ci. Mujitaba ne, da yake mai gyaran wuta ne, ya rataya masa fitilun. Ƙwai shida na LED, masu tsartuwar haske wuri guda, huɗu shuɗi, biyu fari. Da yake gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya, ya ƙara da ɗan akwatin tsaro, wanda ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo.

Ranar wata Alhamis da hantsi, Lubabatu, matar Abdulmalik, ta shigo da kunu ta tarar da mijinta a sandare, hannu ɗaya cikin ruwa, kafaɗa jingine da fitila.

Ba wanda ya faɗa wa Mujitaba a ido cewa laifinsa ne. Gaisuwa ce dai ta gajarce, kiran aiki ya ɗauke. Shi kuwa ko sallah ya tayar, sai akwatin nan ya faɗo masa. A wani lungu a birni ya saye shi, bai ko tsaya gwadawa a gaban mai shago ba. In jabu ne, shi ya kashe Abdulmalik. Abin da ya zo sani ke nan, kuma abin da yake tsoron sani.

"Shigo mana, ɗana," in ji Baba Isyaku, mahaifin mamacin, daga kan buzunsa. "Ɗakin ba ya cizo."

Mujitaba ya durƙusa. "Ina wuni, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Baba Isyaku yana saurayi ruwan dam ɗin Tiga ya haɗiye ƙauyensu, da rijiyarsu, da kaburburan iyayensa. Shekara hamsin yana jefa koma a saman wurin, bai taɓa ganin ƙasansa ba. Ranar da aka fara kunna fitilun nan ya ga ƙarƙashin ruwa da haske, tun daga nan ya kawo buzunsa ɗakin. Ko minti ɗaya tankin ya yi duhu, sai ka ga tsohon ya kasa zama.

"Na ji abin da ake faɗa a gari," ya ce. "Kwana ne ya ƙare. In ma da kuskure a hannunka, na yafe maka duniya da lahira. Amma ka kunna wa bayin Allahn nan fitila. Da hannunsa ya raine su."

Yafiyar ta fi zagi nauyi. Mujitaba ya sunkuyar da kai, ya buɗe jaka.

Ya zare filogin fitilun daga bango, ya hau kujera yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku gishiri ya yi mata farin ƙanzo, ya cinye robar waya, jan ƙarfen a fili. Daidai tsayin kafaɗar mutum in ya sunkuya. Ya sauko daga kujerar.

Saura akwatin. Ya soka filogin a ciki, ya yi bisimilla, ya kunna.

Ƙas! Wuta ta yanke kafin ido ya ƙifta.

Ya mayar, ya sake kunnawa. Ƙas! Sau biyar yana yi, sau biyar tana yankewa. Akwatin lafiyarsa lau. Ya kamata ya ji an sauke masa dutse daga ƙirji, amma sai wata tambaya ta taso masa. In yau yana yankewa, me ya hana shi ranar Alhamis?

Ya canza mazaunin fitilar, ya ja sabuwar waya, ya naɗe ta da kyau. Ya ƙara ɗaga fitilun sama da kamu ɗaya, don Abdulmalik ya taɓa gaya masa murjanin da ya daɗe a duhu, in aka sakar masa haske gaba ɗaya ƙonewa yake. Sannan ya kunna.

Shuɗin haske ya sauka a hankali har ƙasa. Bakin rassan murjanin ya ɗauki kore, kifayen suka taso. Baba Isyaku ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. Sai idonsa ya bi wayar har inda ta tsaya, ya girgiza kai, ya dafa gwiwar Mujitaba cikin tausayi.

"A'a, ɗana, kada ka mayar da filogin cikin wannan akwatin, ba shi da kyau. Kwana uku ya yi yana kashe musu wuta. Ni da kaina na cire filogin na soka a bango, ranar Alhamis ɗin da safe, don in hutar da yaron nan."